Tabarmar da ke Bayan Jif

A shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara na so sayen tsohuwar jif, saboda da damina ƙaramar mota ba ta iya bin hanyar ƙauyenmu daga Zurmi. Wani dillali a Ƙauran Namoda ya nuna mini wata, an wanke ta fes, an shafe ƙarƙashinta da baƙin mai. Man nan ne ya fara tsaya mini a rai. Wa ke yi wa mota kwalliya inda ido ba ya kaiwa?

Lokacin mutane na tsoron rantsuwar ƙarya, shi kuwa dillalin sai zuba rantsuwa yake yi. "Wallahi, Malam, injinta lafiya lau. Wallahi giyarta ba ta taɓa ba da matsala ba." Amma da na tambayi lafiyar jikinta, sai ya ce, "Ai ga ta nan, kana gani." Babu wallahi.

A cikin motar, can baya, an shimfiɗa sabuwar tabarma, har an ɗaure gefenta da waya. Na kwance wayar yana ta cewa in bari. Tsatsa ta cinye ƙarfen, ina hango ƙasa ta ramuka uku, ga wani farin burbushi maƙale a lungu. Na dangwala na lasa, na ji kanwa. Ashe jigilar kanwa ta sha yi daga Nijar.

Na ce, "Alhaji, rantse mini a kan wannan."

Ya dubi ramukan, ya dubi sama, ya ce, "Malam, kamar an kira salla."