Rubutun Mama a Kan Allo

Jiya 'yata ta nuna min wani salon rubutu a kwamfuta, a karkace kamar na hannu. Sai na tuna Mamata.

A ƙarshen shekarun 1980 ta gama ajin yaƙi da jahilci a coci, ta buɗe rumfar abinci kusa da tashar jirgin Kafanchan. Ta rubuta sunanta a takarda, muka kai wa Oga Emeka mai fentin allo.

Ya ce, "Madam, rubutun ya karkace fa. Bari in miƙe miki shi."

Ta ce, "Kwafe shi yadda yake. Shekara arba'in ina dangwala yatsa. Yau hannuna zai hau allo."

Haka ya kwafa, har harafin da ya zame ƙasa.

Allon yana ɗakina har yau. Ku fa, me kuka adana na hannun iyayenku?