Baba Ɗanjuma Mai Gaida Bango

Duk wanda ya san Baba Ɗanjuma a nan Rawayya ya san ba ya gaida mai gida sai ya fara gaida bango. Zai yi sallama, kana miƙa masa hannu, shi kuwa ya wuce ka ya dafa katanga, ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ya kara kunne. Sai ya gama saurare sannan ya juyo ya ce maka ina kwana. In kuwa ka ji ya yi tsaki kafin ya juyo, to fara tunanin inda za ka kwashe kayanka kafin damina.

Mu maginan ƙasa Sarki muke ce masa, ko da yake ba wanda ya naɗa masa rawani. Tsofaffi ne suka ƙare, sarautar ta faɗo kansa. Ni Garba na fi shekara talatin ina aiki tare da shi. Da can yana bisa bango ni ina ƙasa ina jefa masa curin ƙasa yana cafewa. Da gwiwa ta hana shi hawa tsani sai muka yi musaya, ni bisa shi ƙasa, kuma har ya mutu bai daina cewa cafewata irin ta mai jin barci ba ce.

Ƙungiyarmu doka ɗaya gare ta mai ƙarfi: in magini ya rasu, ɗakin matarsa ya zama namu. Kowace shekara kafin ruwan farko za mu je mu yaɓe shi, mu gyara indararo, ko furar gidan ba a sha. Lokacin da na shiga mun kai arba'in da ɗaya. Siminti ya kwashe matasa, mutuwa ta kwashe dattawa, aka bar mu mu biyu da ɗakunan matan mutane. Amma fa kada ka kuskura ka ce wa Baba mu biyu ne. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma uku a gindin tsamiya, ya zauna yana jiran jama'a su taru. In na buɗe baki ya ce in dakata, akwai manya gabana.

Wata Juma'a wani jami'i ya zo daga Bungudu da takarda, wai ana rajistar ƙungiyoyin sana'a za a ba da tallafi. Ya tambayi Baba shekarar da aka kafa ƙungiyar.

"Ranad da bango ya wuce tsawon mutum," in ji Baba.

Jami'in ya ɗaga biro yana kallona.

"Ɗana, in bango na ƙasa-ƙasa kowa na iya ginin abinai shi ɗai. Amma in ya hi ka tsawo, kana bisa, wa ka jeho maka ƙasa? Ba ka jeha ma kanka. To nan munka hwaro. Rubuta."

Bawan Allah ya rubuta wani abu dai. Ya tambayi yawan 'yan ƙungiya, Baba ya ce arba'in da ɗaya. Mutumin ya dubi tabarmin nan, ba kowa sai ni da wata akuya da ke cin gefen ta uku. Baba ya shiga lissafo sunaye, bai kai goma ba jami'in ya tare shi, ya ce ai wannan na ƙarshe ƙanen kakansa ne, ya rasu tun yana firamare.

"Awo, ya rasu. Amma matatai na nan, ɗakinta na nan, ruwan sama kuma bai rasu ba."

Jami'in ya naɗe takardarsa ya hau babur. Tallafin nan har yau yana hanya.

Ni ma ban tsira ba. Wata shekara da abubuwa suka yi mini tsauri na sulale Gusau na yi mako biyu ina ɗora bulo a Sabon Gari, na ce wa Baba dubiya na je. Ranar da na dawo ya kama hannuna za mu gaisa, sai ya ƙi saki. Ya juya tafin, ya dubi inda siminti ya cinye fata, ya shinshina, ya ce Allah ya ba majinyacin lafiya. Ranar Juma'a aka zaunar da ni shari'a. Ya karanto laifina, ya juya ga tabarmin da ba kowa ya tambaya ko akwai mai magana. Ya saurara sosai, sannan ya ce tunda jama'a sun yi shiru, sun yarda ke nan. Aka ci ni tarar goro ashirin, a raba wa 'yan ƙungiya ban da mai laifi. Mako guda cur bakin tsohon nan jawur, in mun haɗu har ya ce mini goron bana ya yi daɗi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa iyali gare ni, ginin ƙasa kuma ba mai nema, in korata zai yi ya kore ni kowa ya huta.

"Wa ya ce ka bari? Tara ni ce ka biya. In na kore ka, wa za ni yi ma shari'a?"

Ya faɗe ta yana dariya, amma ni a ranar na fara jin tausayinsa.

Sai maganar Tsafe. Matar marigayi Mamman Dogo, ɗaya daga cikinmu, ɗanta ya ɗauke ta ya kai ta can, ya gina mata ɗakin bulo da rufin kwano. Na ce alhamdulillahi, ɗaki ɗaya ya ragu. Baba ya ce doka ba ta ce sai a Rawayya ba. Haka muka ɗauki buhun ƙasarmu, don wai ƙasar Tsafe ba ta da ladabi, muka shiga mota zuwa Gusau, muka sake wata, direbobi na ta zaginmu a ciki. Muka isa, Baba ya ƙwanƙwasa bulon nan, ya kara kunne, ya ce kurma ne. Ya zaga gidan kaf bai sami abin yaɓewa ba sai akurkin kaji. Ɗan matar yana ba shi haƙuri, ita tana dariya har da riƙe ciki, shi kuwa ya naɗe hannun riga ya ce kajin ma iyalin Mamman ne. Akurkin da kaina ya fi shi tsawo, amma sai da ya sa na tsaya nesa na jefo masa curi, don kada a ce magini ya yi aiki shi kaɗai.

Bara da rani na tarar da shi tsaye jikin ɗakin matarsa, Inna Hajo, kunne a bango. Ya yi tsaki. Bai juyo ba ya ce, "Garba, in na riga ka, wa ka jeho maka?" Na ce ya bar wannan zance, shi da zai binne mu duka. Bai yi dariya ba.

Bana da bazara ya kwanta kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa. Hadari ya fara haɗuwa, ɗakin Inna Hajo kuma ya zama namu, wato nawa. Na nemi tsofaffin abokan aiki, wannan yana Gusau, wancan ya ce bayansa na ciwo. Na kwaɓa ƙasa ni kaɗai, na cura, na jera, na hau tsani na zauna bisa bango. Wallahi sai da na miƙa hannu ƙasa ina jira, kafin na tuna. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan zaman ba.

Inna Hajo ta fito ta gan ni haka. Ta gyara ɗaurin zane, ta sunkuya ta ɗauki curi da hannu biyu, ta yi bisimilla ta jefo. Ya tashi kamar kamu biyu ya dawo ya fashe a kan ƙafarta. Muka yi ta dariya, ni bisa ita ƙasa, har dariyar ta koma abin da ta koma.

Da bokiti na ƙarasa, in sauka in cika in hau. Aikin kwana biyu ya ci mini shida. Da na gama na wanke hannu zan yi mata sallama, ban san lokacin da na dafa bangon na ƙwanƙwasa na kara kunne ba. Tana bakin ƙofa tana kallona.

"Mi ya ce?"

"Ya ce lahiya lau, Inna."

Ya Allah, bawanka Ɗanjuma ya ƙare rayuwarsa yana tare wa matan mutane ruwa. Ka lulluɓe shi da rahamarka, ka yalwata masa makwanci, ka sada shi da mutanensa da yake shimfiɗa wa tabarma. Ni kuma ka ara mini gwiwar hawa tsani baɗi. Amin.