Hancin Yayana

Yayana yana da ɗan shagon turare a Titin Bauchi cikin Jos, kusa da inda motoci ke lodi. Ba ya ajiye irin turaren da ake samu a ko'ina. Wasu shi yake haɗawa, wasu kuma yakan sa a kawo masa daga waje, daga hannun masu yin kaɗan-kaɗan. Akwai wani turare da ya daɗe yana jira, sai ya iso cikin damina, lokacin bai jima da tashi daga wani zazzaɓi mai zafi ba.

Ranar na taso daga makarantar da nake koyarwa, na biya ta wajensa. Na same shi zaune da kwalbar a hannu, ruwan cikinta kamar shayin da ya jiƙu. Ya fesa min a bayan hannu.

"Shinshina ki gaya min abin da kika ji."

Na yi dariya na ce, "Yaya, ni ce zan gaya maka?"

Shi bai yi dariya ba, don haka na kai hannun hancina. Masoro ne ya fara dukana har na yi atishawa, kanumfari na biye da shi. Ya ce in dakata. Da yajin ya lafa, sai kirfa ta fito da ɗan zaƙinta. Can daga baya ƙamshin itace ya zauna, irin na shagon kafinta bayan an ɗauke ruwa, da ɗan hayaƙi-hayaƙi.

Ya tambaye ni, "Itacen sandal ne ko na ud?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ni ma haka," ya ce. "Tun da na tashi daga ciwon nan ba na jin komai. Ko albasa."

Daga nan na riƙa biyowa da la'asar ina shinshina masa. Wata rana wata Bayerabiya, ma'aikaciyar jinya daga unguwar Kabong, ta zo neman turare don mijinta. Ta ɗaga wannan kwalbar ta ce, "Oga, wannan zai zauna a jiki?" Yaya ya zayyana mata shi tiryan-tiryan da kalmomina, har da maganar shagon kafinta. Ta saya tana murna. Da ta fita sai ya zauna ya dafe kai.

"Na sayar wa baiwar Allah abin da ban sani ba," ya ce.

A asibiti an ce ya yi haƙuri, hancin zai iya dawowa. Ya dawo kuwa, amma a karkace. Komai warin ƙonanniyar taya yake yi masa, turare ya fi muni. Nakan iske shi tsaye a waje cikin sanyin Jos, masu saye suna ciki suna jiransa. Matarsa ta daina turaren wuta, ta daina sa daddawa a miya, duk da haka ya rame.

Ƙarshe ya bar shagon, ya koma garin Kuru wajen wani abokinsa mai gonar kabeji da karas. Idan zan je gaishe shi, sai na wanke kayana da sabulun da ba shi da ƙamshi.

Zuwana na baya-bayan nan mun zauna a bakin gona, an gama ban ruwa. Ya ce jiya kamar ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, amma bai tabbata ba.

"Kar ki gaya wa matata tukuna," ya ce.