Matar da Jirgi Ya Kawo Mana

A Kaura Namoda layin dogo ya ƙare. Duk wanda barci ya ɗauke ko ciwo ya kayar a cikin jirgi har ya wuce tasharsa, a wurinmu yake sauka, domin babu gaba. A can na yi zaman aure a shekarun bayan yaƙin basasa. Mijina kafinta ne a tashar jirgi, muna haya a gidan wani Musulmi mai sayar da hatsi a bayan kasuwa.

Ni 'yar wani ƙauye ce ta wajen Zurmi. Ina goye mahaifina ya karɓi bangaskiyar Almasihu, saboda haka a cikin addu'a na buɗe ido. Amma in faɗi gaskiya, har na shekara bakwai a ɗakin miji ban san amfanina a majami'a ba. Ikilisiyarmu ƙarama ce, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, yawancinmu ma'aikatan jirgi ne da malaman makaranta da matansu. Kowace mace da aikinta. Na gwada waƙa, shugabar zumuntar mata ta ja ni gefe ta roƙe ni in riƙa yin amshi a hankali. Na gwada koya wa yara ranar Lahadi, sai na ga ba zan iya wuni da 'ya'yan wasu in koma ɗakina shiru ba, domin Allah bai ba ni haihuwa ba. Abu ɗaya na iya, shi ne magana. Ba a yin abu a unguwarmu da safe a ce ban kai shi bakin rijiya kafin azahar ba.

Addu'ata kullum ɗaya ce: Ubangiji, in ba za ka ba ni ɗa ba, ka ba ni aiki. Wani lokaci da kuka nake yin ta, wani lokaci da faɗa. Ina jin haushin Allah a shekarun nan, kuma ya sani.

Wata Alhamis cikin bazara, ana fama da sanƙarau a gari, wani mai sayar da goro a tasha ya yi sallama a ƙofar gidanmu da hantsi. Mijina ya fita, ni kuma ina bayan ƙyaure ina saurare kamar yadda na saba.

Mai goron ya ce, “Malam kafinta, ku taho ku ɗauki taku. Wata mace anka iske cikin jirgi ta cika. Akwai gicciye ga wuyanta.”

Masu shara ne suka same ta kwance a ƙarƙashin benci. Tikitin da ke ƙulle a bakin zanenta na Zariya zuwa Funtuwa ne. Ke nan ciwo ya ci ƙarfinta a hanya, jirgi ya wuce da ita Funtuwa, ya wuce Gusau, ya kawo mana ita. Babu takarda, babu suna. Hukuma ta duba ta, ta ce tunda tamu ce mu binne ta kafin rana ta yi mata illa.

Fastonmu ya tafi Shinkafi ziyarar 'yan'uwa, sai washegari zai dawo. Muka taru a inuwar majami'a, maza biyar da mu mata. Mijina ya ce zai haɗa akwati da katakon da yake da shi. Sai wani dattijo ya tambaya wa zai yi mata wanka. Dukanmu matasan mata ne, a garuruwanmu tsofaffi ne ke wannan aiki, tsofaffin kuwa suna can gida. Wata ta ce tana da ciki. Wata ta ce tana shayarwa. Ba ƙarya suka yi ba, kuma kowa na tsoron ciwon. A ƙarshe wani malamin makaranta ya ce a sa ta a akwati yadda take, ai Allah ba ya duba tufafi.

Na ga matar lokacin da aka sauke ta daga amalanke. Ciwo ya ɓata mata jiki, zanenta ya manne da ƙazanta, ƙuda na bi. Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina. Na ce wa malamin in ƙanwarsa ce haka zai tura ta rami kamar mushe? Na zage matan tas, na ce ranar Lahadi mu ne masu ɗaga murya, yau ga baƙuwar Ubangiji an rasa mai zuba mata ruwa. Na ce in babu mai yi, ni zan yi.

Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa. Kowa ya zuba mini ido, babu wanda ya ce in bari. Ni kaɗai ce ba ni da ciki, ba ni da goyo, ba ni da abin fakewa.

Na koma gida. Ban taɓa taɓa gawa ba. Na zauna a bakin murhu na rasa ta inda zan fara. A nan mahaifiyar mai gidanmu ta same ni, tsohuwa ce da kowa ke kira Inna, ita ke wankan gawar mata a unguwar. Labari ya riga ya iso mata.

Ta ce, “Ke ɗiyata, mi kike jira? Rana na yi.”

Na ce, “Inna, ban iya ba.”

Ta ce, “Na sani. Baki kinka iya. Ku kawo ta nan gida, ba a wanke mace bakin hanya.”

Ɗanta ya so ya yi magana saboda ciwon, ta dube shi sau ɗaya ya fita. Aka kewaye bayan ɗakina da zana, aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da baƙuwar. Inna ta sa na ɗora ruwa, ta ba ni sabulu da ganyen magarya da turare daga nata. Mai goron nan ya aiko da farin alawayyo. Sannan ta jawo kujerarta ta zauna a bakin zanar, ta ba mu baya.

Ta ce, “Taku ta, ke za ki taɓa ta. Ni ina nan, ki ji abin da nike hwaɗi. Abin da ya shahi sallarmu na cire miki shi, ki sa addu'arku wurin. Ɗaure hancinki da ɗankwali. Ki ruhe ta da zane tukuna, kada ki bari ta tsiraita, tana da kunya kamar ke.”

Na yi yadda ta ce. Na naɗe hannuna da ƙyalle, na fara ta dama. Da na taɓa ta na ji sanyin jikinta, na ja da baya har na kifar da ƙwarya.

Inna ba ta juyo ba. Ta ce, “Ɗauki ƙwaryarki. Gawa ba ta cizo. Ki yi mata a hankali, kamar jinjiri.”

Wannan kalma ta soke ni, domin ban taɓa yi wa jinjiri wanka ba. Na ɗaga kan matar na ɗora a cinyata. Yarinya ce, ba za ta wuce ashirin da biyu ba, kitsonta sabo, an yi mata shi don tafiya. Wani ya zauna ya yi mata wannan kitso, wani kuma yana can yana jiran ta. Ban san lokacin da tsoro ya fita daga raina ba. Na wanke mata fuska, na wanke bayan kunnuwa da tsakanin yatsu, ina kuka ina yi mata magana. Na ce mata ta yi haƙuri da hannun baƙuwa. Na tuna matan nan da suka ɗauki kayan ƙanshi da sassafe suka nufi kabarin Ubangijinmu. Sau nawa na ji labarinsu ban kula ba. Babu wanda ya ce su yi waƙa, jikinsa kawai suka je gyarawa. A bayan zanar nan, hannuna cikin ruwan magarya, na gane an amsa mini addu'ata. Ba irin amsar da na so ba ce, amma na san tawa ce, kuma ban ƙara jin haushin Allah ba daga ranar.

Da na gama naɗe ta, Inna ta juyo karo na farko. Ta ce, “Saura abu guda, shi ya hi wuya gare ki. Abin da idonki ya gani nan, nan za shi tsaya. Ko mijinki ba ya ji. Jikin mamaci amana ne. Na san bakinki, shi ya sa nike hwaɗa miki.”

Muka binne ta da la'asar a maƙabartarmu ta bayan gari. Dattijon ya yi addu'a yana ce mata baiwarka, domin ba mu da sunan da za mu kira.

Inna ta yi gaskiya, riƙe bakin ya fi wankan wuya. Kwana uku matan zumunta suna zagaye ni a bakin rijiya. Wai tana da ciki? Wai an doke ta ne? Maganar tana zuwa mini har maƙogwaro, in haɗiye ta, in ɗauki tuluna in tafi. Suka ce na fara girman kai. A hankali na ga mai riƙe asirin matacce ba ta iya yawo da na mai rai, sai zaman bakin rijiya ya fita daga raina. Kafin kaka na wanke mata biyu a ikilisiyarmu, ba a ma tambaya wa zai yi ba, ni aka aiko wa.

Bayan an gama girbi, wata tsohuwa ta sauka daga jirgi da ƙullin kaya a ka. Daga wani ƙauye na kudancin Zariya ta fito. 'Yarta ta tafi Funtuwa wurin yayanta tun bazara, ba ta isa ba. Tsohuwar ta bi tasha tasha tana tambaya, tamu ce ta ƙarshe. Mai goro ya kawo ta gidanmu.

Maza suka kwatanta mata: doguwa, baƙa, siririya. Ta ce rabin 'yan matan duniya haka suke. Zanen mun ƙone shi saboda ciwon, gicciyen kuma yana wuyanta a kabari. Tsohuwar ta zauna a ƙasa ta ce, “Ba kuka na zo yi ba. Ina so in sani ne kawai. In ba ita ba ce, in ci gaba da nema.”

Na dubi Inna. Ta ce, “Wagga uwa ta. Amanar tata ta, mayar mata.”

Na ja tsohuwar ɗakina na saki labule. Na ce, “Mama, ni na yi mata wanka. A cinyarta ta dama, daga sama, akwai tsohon tabon ƙuna, faɗinsa kamar tafin hannu.”

Tsohuwar ta ce, “Kunu ne. Tana rarrafe, na ajiye tukunya na juya baya. Ni na ƙona ta.” Ta kama hannuwana biyu ta riƙe, sai a lokacin kukan ya zo. Ta faɗa mini sunan 'yarta, na kai ta kabarin, muka durƙusa muka sake addu'ar da sunan a ciki.

Mijina ya nema mata tikitin komawa. Jirgi ya zo ya tafi sau uku ba ta shiga ba. Ɗanta ya zo daga Funtuwa ya yi lallashi har ya gaji. Ta ce ta bar yarinyar ta yi tafiya ita kaɗai sau ɗaya, ba za ta ƙara ba. Muka gyara mata ƙaramin ɗakin da muke ajiye hatsi. Tana surfa mini gero, tana yi mini faɗa in na cika gishiri a miya, tana kira na 'yata a gaban mutane. Ranar Lahadi bayan sujada mu tafi maƙabarta tare, ta share kabarin da tsintsiya.

Damina biyu ta yi a wurina. Da ciwon ajali ya kama ta, ta kira ni ta ce kada in bari kowa ya taɓa ta sai ni. Na ce mata to.

Wannan karon Inna ba ta zauna a bakin zana ba, ta ce na iya. Na ɗora ruwa, na ɗora kan Mama a cinyata, na wanke ta a hankali. Da la'asar muka kwantar da ita a gefen 'yarta.