Hannun Nasidi

A shekarar 2004 Malam Aƙilu, wanda yanzu shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon Kusfa, ya fara sanin Nasidi tela. Shekara goma sha takwas Nasidi yana tsare musu raga, har jikinsa ya yi nauyi. Ga kuma Muntasir, matashi mai zafin nama, yana jiran ragar. Wasan cin kofi ya matso, Malam Aƙilu ya kasa zaɓa.

Ranar wasan Nasidi ya zo da hannu a naɗe. "Malam, almakashi ya yanke ni. A sa Muntasir." Nasidi bai sake shiga raga ba.

Da la'asar a ranar, Malam Aƙilu ya hango shi yana alwala, hannun lafiya lau. Shi ma Malam Aƙilu, lokacin yana gola, da ciwon ƙarya ya bar wa Nasidi ragar. Ashe Nasidi ya sani.