Kawu Ilu da Dokin da Ba Nasa Ba

Ku da kuka san Kawu Ilu kun san bakinsa ba ya rabo da dusa. Duk buhun da aka sauke a gonar nan ta bayan duwatsu, inda ma'aikatan Dutse ke ajiye dawakinsu yana kula musu da su, sai ya dumbuza ya watsa a baki, ya tauna yana kallon sama. In ya ji yashi, buhun ya koma inda ya fito. Kanwa ma sai ya lasa. Inna Talatu, matarsa, ta taɓa yi masa ƙorafin bai taɓa cewa miyarta ta ji gishiri ko ba ta ji ba.

Ya ce, "Ke kina da harshen ɗanɗanawa da bakin mita. Dawakin nan fa, wa suke da shi in ba ni ba?"

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Da na gama sakandare zaman gida ya ishe ni, na koma taya shi ban ruwa da sharar barga. Bai taɓa kirana Hadiza ba, sai Gaggawa.

A cikin dawakin akwai wani tsoho da muke kira Akawal saboda baƙinsa, ko da yake furfura ta riga ta cinye masa fuska. Na Alhaji Mudi ne na unguwar Takur. Da Alhaji ya sayi sabon ingarma sai ya ƙudura sayar da tsohon ga dillalan da ke lodin dawakai zuwa Kudu, kuma kowa ya san ba hawansu ake yi a can ba. Kawu bai ce a'a ba, tunda doki ba nasa ba ne. Hanya kawai ya yi ta tarewa.

Ranar Asabar masu dawaki ke zuwa kilisa. A bi ta cikin dabinai, a ratsa tsakanin duwatsu, a gangara fadama a shayar da su, a juyo. Kawu ne a gaba a kan Akawal, kuma dokarsa ba mai wuce na gaba. Sai ka ga manyan mutane a kan dawakai masu zumuɗi sun jeru bayan tsoho, yana takawa kamar ƙasar za ta fashe. Ni ina can ƙarshen layi a kan wata goɗiya ina cizon leɓe. Ran nan Alhaji ya gaji.

"Malam Ilu, a wannan tafiyar ai sai la'asar."

"Ranka ya daɗe, la'asar ɗin ma lokaci ne."

"Ka ga abin da ya sa zan rabu da shi."

"Shi ya san inda ramuka suke. Sabon naka ɗan birni ne, kwalta kawai ya sani."

Zuwan dillali na farko, Kawu ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa na dama fura, ya shiga yabon dokin.

"Mai haƙuri ne ƙwarai. Ɗan tarin nan da yake yi ma ba ya damun kowa. Allah sarki, na turken kusa da shi dai bara ya mutu."

Mutumin ko furar bai ƙarasa ba ya tuna yana da uzuri a kasuwar Jahun. Na ce, "Kawu, wanda ya mutu bara ai maciji ne ya sare shi."

"To ni na ce ba maciji ba ne? Ya tsaya ya tambaya?"

Na biyun da Alhaji suka zo tare, ba sanarwa. Kawu na jin ƙarar mota ya ɗora sirdi ya fice ta baya, ya bar min saƙon wai ya kai Akawal shan ruwa. Ni aka bari da baƙi, ina ta kawo musu tabarma daga inuwa zuwa inuwa, suna hararata kamar ni na ɓoye dokin a zanina. Dillali ya gaji ya tafi. Sai dab da magariba ga su nan, doki da mahayi, ko gumi babu.

Alhaji ya ce, "Haɗeja ka kai shi shan ruwan?"

"Na kusa bai yi masa ba, ranka ya daɗe."

Da suka watse na tare shi. Na ce, "Kawu, wannan wasan ɓuyan ya isa. Ka buɗe baki ka ce wa Alhaji ya bar maka dokin nan, a gaban mutane, a gama."

"Ni in roƙi mutum abinsa?"

"To ni zan faɗa masa."

"Ki kuskura. Zan yi maganar da kaina, bari dai ya huce."

Alhaji ya huce, damina ta wuce, Kawu bai yi ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi ana cikin girbi, aka kai shi asibiti, bai dawo ba.

Bayan sadakar bakwai masu dawaki suka fara zuwa kwasar nasu. Wata safiya motar dillali ta tsaya a bakin gonar, Alhaji na biye da ita. Na je na tsaya a ƙofar barga.

"Alhaji, don Allah ka bar shi ya mutu a turkensa."

"Hadiza, wa zai ci da shi yanzu? Ke?" Sannan ya ce, "Wallahi da Malam Ilu ya nema da bakinsa, da tuni na ba shi. Ni na ɗauka neman faɗa kawai yake yi da ni."

Na yi ta fatan Akawal zai turje, ya yi harbi, ya tsinke ragama. Ina! Aka ja shi ya bi, ya hau motar nan a hankali ba gardama. Kawu, mutumin da bai taɓa jin maganar kowa ba, shi ya koya masa ladabi.

Allah ya ji ƙan Kawu Ilu, ya yafe masa taurin kansa. Yadda ya tausaya wa bayin Allah marasa baki, Allah ya tausaya masa, ba sai ya roƙa ba. Amin.