Allon da Taubashina Bai Gama Ba

Taubashina masassaƙi ne a Dogon Dutsi. Turmi da akushi da kujerar mata yake yi, yana zaune a ƙasa ba takalmi, ya danne icce da ƙafa, hannuwansa suna aiki. Haka ya tarar da ubansa yana yi. In ya gama sai ya ƙona zane da ƙarfe mai zafi.

Ɗan ƙanwar mahaifina ne, don haka tun muna yara ba mu taɓa yin maganar kirki ba. Ni bawansa ne, shi bawana ne, ya danganta da wanda ya riga buɗe baki.

Wata rana da hantsi na same shi da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi, an naɗe shi da jar waya. Transfo ne, ya ciro shi daga tsohuwar na'urar ɗuma abinci, wadda ake ce wa mikro'ond, cikin kayan gwanjon da ake kawowa daga Kwatano. Ya gani a wayarsa Turawa suna jona shi da katako, wuta ta zana rassa kamar na gawo.

Na san abin. Na yi shekaru ina aiki a tashar jirgin ruwa ta Abijan, daga baya a wani shagon gyara a Jidda. A Abijan masu aikin lantarki safar roba suke sawa har gwiwar hannu. A Jidda maigidana ba ya barin kowa ya buɗe wannan na'ura sai shi, ko da an cire ta daga bango. A nan kuwa kuran ɗin, wato wutar lantarkin, da mutane suka sani shi ne mai fizgar yatsa a yi dariya.

Na ce, "Wannan ba garwashi ba ne. Ninka wutar gida yake yi. Ba ya fizga, riƙewa yake."

Ya ce, "Bawana ya je Makka ya dawo da tsoron waya! Shekara nawa nake wasa da wuta?"

"Wallahi kashe ka zai yi."

"To ka gaji gizagona, matsiyaci. Ai shi kake jira."

Masu zama a rumfarsa suka yi dariya. Ni ma na yi, don haka aka saba. Ya kamata in je wurin yayansa, wanda in ya ce bari ake bari. Na yi niyya, sai tafiya Matankari ta taso mini, na ce in na dawo.

Kwana biyu na yi. Matarsa ce ta ba ni labari a zaman makokinsa. Ya jiƙa wani allon katako, ya jona wayoyin, zane ya fara tafiya. Allon ya goce kaɗan, sai ya kai ƙafa ya danne shi, kamar yadda yake danne kowane icce tun yana ɗan shekara goma. Kafin ta fizge igiyar daga bango, ya cika.

Bayan addu'ar bakwai na roƙi a ba ni transfon, na jefa shi a wata matacciyar rijiya da ake cikewa. Yayansa ya aiko mini da gizagon, ya ce an shaida masa marigayi ya faɗa a gaban mutane cewa ni zan gaje shi. Allon yana wurin matar. Rassan sun kai rabi, kuma ba laifi, sun yi kyau.